Kashi Shida Cikin Ɗari: Yadda Rigimar Kason Yadi ta Iso Kasuwar Lafiya

Duk wanda ya shiga layin 'yan atamfa a babbar kasuwar Lafiya ana saura mako biyu Sallah zai tarar da mata sun yi dafifi a bakin rumfuna. Wannan na murza yadi tsakanin yatsu don ta ji ko auduga ce ko roba, waccan ta warware turmi tana duba bakin zanen inda ake buga sunan kamfani, wata kuma na ciniki kan turmi talatin na ankon biki. Zanen da ke jikin atamfar namu ne, launin ma irin wanda idonmu ya saba da shi ne, amma mafi yawanta an saƙa ta, an buga ta a ƙasar Sin, ta sauka a tashar ruwan Kwatano ko Lome ko Legas, ta bi ta Kantin Kwari ko Anacha kafin ta iso hannun ɗan kasuwar Lafiya. Idan aka tambayi dalilin haka, amsar da aka saba ji ita ce wuta babu, fasa-ƙwauri ya yi yawa, gwamnati ta yi sakaci, kuma duk gaskiya ne. Sai dai akwai wani ɓangare na labarin da ba a cika kawo shi ba, wato rigimar da aka shafe fiye da shekara 40 ana yi a Geneva kan 'yan alƙaluma ƙanana: kashi nawa cikin ɗari za a riƙa ƙara wa kason yadi da tufafin da ƙasa matalauciya za ta shigar kasuwar ƙasa mai arziki kowace shekara. A ganina rigimar ta lokaci ce. Kowane ɓangare yana neman a ba masaƙunsa wa'adin da za su yi ƙarfi ko su sake shiri, kuma Najeriya ta yi asara a nan sau biyu: ba ta mori wa'adin da ta samu ba, ba ta kuma nemi wanda doka ta ba ta damar nema ba.

Garin Lafiya ba baƙon yadi ba ne. Tun bayan da Muhammadu Dunama ya kafa shi a ƙarshen ƙarni na 18, aka san Lafiyar Barebari da saƙa da rini, kuma a zamanin Sarki Muhammadu Agwai, daga 1881 zuwa 1903, kasuwarsa ta shiga sahun manyan kasuwannin kwarin Binuwai, fatake na zirga-zirga tsakaninta da Loko a bakin kogi, ga gishirin Keana da Awe yana ratsa ƙasar. Riga ɗaya a wancan zamani hannuwa da yawa take bi. Manomi ya tsinko auduga, mata su gurje ta su fitar da gurya, su shiɓe ta, su kaɗa ta da mazari suna shafa alli a yatsa. Masaƙi ya yi wadari, ya zauna yana wurga ƙoshiya, kunkuru na matsowa sannu a hankali. Daga nan sai marina, sai 'yan bugu, sai maɗinki. Kano ce cibiyar wannan sana'a. Lokacin da matafiyi Heinrich Barth ya isa birnin a 1851, ya ƙiyasta cewa yadin da Kano ke fitarwa a shekara ya kai na wuri miliyan 300, yana zuwa har Timbuktu da Tarabulus da bakin teku. Saboda haka ƙasar nan ta taɓa zama mai sayar wa duniya tufa, tun kafin Manchesta ta sa ido a kan audugarta, a kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta Birtaniya a 1902, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911.

Masaƙun zamani sun zo ne da siyasar neman mulkin kai. A 1957 gwamnatin Jihar Arewa, ƙarƙashin Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, ta haɗa hannu da kamfanin David Whitehead na Lancashire aka buɗe Kaduna Textiles a Kakuri. Bayan 'yan shekaru Nortex ta biyo baya, a tsakiyar shekarun 1960 kuma Cha Chi Ming, attajirin masaƙu daga Hong Kong, ya kafa United Nigerian Textiles, masu jarin Japan suka shigo da Arewa Textiles. Kano ta samu nata irin su Bagauda da Gaskiya, Funtuwa da Gusau ma ba a bar su a baya ba. Layin dogon da ya taso daga Fatakwal ya ratsa Makurɗi da Lafiya da Kafancan shi ne ya riƙa kwasar samarin Lardin Binuwai da na Filato zuwa Kaduna, inda jiniyar masaƙa ke raba yini uku, ma'aikata su fito tamkar tururuwa a kan kekuna, masu abinci da masu gidan haya na Kakuri da Makera su ci albarkacinsu. A Arewa Textiles ne Adams Oshiomhole ya fara aiki, kafin ya zama babban sakataren ƙungiyar ma'aikatan masaƙu a 1982. Kamfanin Lancashire da attajirin Hong Kong da masu jarin Japan sun haɗu a Kakuri saboda harajin da Najeriya ta ɗora wa yadin waje ya sa saƙa a cikin gida ta fi riba. Amma a daidai waɗannan shekaru ƙasashen ukun suna tsakiyar wata rigima a can waje, rigimar da ke koya wa kowane mai masaƙa cewa kada ya tara ƙwansa a kwando ɗaya.

Asalin rigimar daga Amurka ne. A 1957 ta matsa wa Japan har ta yarda ta rage yadin audugar da take aikawa, aka kira abin da sunan ganin dama. A 1959 Birtaniya ta yi irin haka da Hong Kong don kare masaƙun Lancashire. Dokar ciniki ta duniya ta lokacin, wato GATT, ta hana ƙasa ta ƙayyade yawan kayan da za su shigo mata, ta kuma hana ware wata ƙasa ita kaɗai a takura mata. Don a kauce wa wannan doka ne aka ƙulla wata yarjejeniya ta shekara ɗaya a 1961, a 1962 aka mayar da ita ta dogon zango kan yadin auduga. Ƙasashe masu arziki suka samu ikon yanka wa kowace ƙasa mai sayarwa kasonta, da sharaɗin cewa kason zai riƙa ƙaruwa da kashi 5 cikin ɗari a shekara. Wannan ƙari shi ne ladan da aka ba masu sayarwa don su sa hannu, shi ne kuma shaidar da ake nunawa cewa takurar ta wucin gadi ce. Da masaƙun Asiya suka koma zaren roba da ulu, waɗanda yarjejeniyar ba ta shafa ba, sai aka faɗaɗa tarkon. Daga 1 ga Janairu 1974 yarjejeniyar da aka fi sani da MFA ta fara aiki, ta haɗa auduga da ulu da zaren roba, aka ɗaga alƙawarin ƙarin zuwa aƙalla kashi 6 cikin ɗari.

Mutum zai iya raina bambancin kashi 6 da kashi 1, amma ɗan kasuwa ba zai raina ba. A ɗauka ƙasa tana da kason riga miliyan ɗaya a shekara. Idan ana ƙara mata kashi 6, bayan shekara 10 kasonta ya kusa riga miliyan ɗaya da dubu 800. Idan kashi 1 ake ƙarawa, da ƙyar zai wuce miliyan ɗaya da dubu 100. Tsakanin waɗannan alƙaluma biyu akwai masana'antu da dama da za a gina ko a fasa ginawa, akwai dubban 'yan mata da za su samu keken ɗinki ko su koma gona. A wancan gefen kuma, mai masaƙa a Carolina ta Amurka ko a arewacin Faransa yana kallon alƙalumman nan a matsayin yawan shekarun da suka rage masa ya sayi sababbin injuna, ko ya janye jarinsa a tsanake, ma'aikatansa su kai shekarun fansho. Shi ya sa wakilai ke kwana suna jayayya kan rabin kashi, suna jayayya kan shekarar da za a ɗauka a matsayin tushen lissafi, da kan ko ƙasa na iya aron kason baɗi ta ci a bana, ko ta juya ragowar kason wando zuwa na riga.

Alƙawarin kashi 6 bai daɗe ba. Da tattalin arzikin Turai ya shiga matsi bayan tashin farashin mai na 1973, Tarayyar Kasuwar Turai ta ƙi sabunta yarjejeniyar a 1977 sai an ba ta damar kauce wa sharuɗɗan idan ta ga da dalili, aka kuwa ba ta. A sabuntawar 1981 aka ƙara wata dabara ta taka wa ƙasa birki idan kayanta sun yi saurin ƙaruwa, ko da ba ta cika kasonta ba. A 1985 majalisar dokokin Amurka ta zartar da ƙudurin zaftare yadin da ke shigowa. Shugaba Reagan ya ƙi sa hannu, amma barazanar ta yi aikinta: yarjejeniyoyin da Amurka ta ƙulla da Hong Kong da Koriya ta Kudu da Taiwan a 1986 sun tsayar da ƙarin a kusan kashi 1 ko ƙasa da haka. A shekarar ce kuma aka shigar da siliki mai gauraye da lilin cikin tarkon, saboda masu sayarwa sun fara fakewa da su. Abin da aka ce na ɗan lokaci ne a 1961 ya kai shekara 25, kuma kullum ƙara tsanani yake yi. Masu sayarwa, Indiya da Fakistan da Sin da Masar da Burazil da sauransu, suka kafa ofishinsu na haɗin gwiwa a Geneva a tsakiyar shekarun 1980 don su daina zuwa teburi ɗaya bayan ɗaya ana cin su da ɗai-ɗai.

Tsarin zalunci ne, kuma ban ga amfanin sassauta kalmar ba: ƙasashen da ke wa'azin buɗe kasuwa sun rufe tasu a kan sana'a ɗaya tilo da talaka ke iya gogayya da su a cikinta. Amma ya haifar da abin da masu shirya shi ba su nufa ba. Duk ƙasar da kasonta ya cika, masu jarinta sai su nemi ƙasar da ba a sa mata kaso ba tukuna. Da haka ne kamfanin Daewoo na Koriya ya ƙulla da Desh Garments na Bangladesh, a 1979 aka tura ma'aikata 130 Koriya suka koyo aikin, kuma da yawansu daga baya suka buɗe nasu kamfanonin. Da haka ne jarin Hong Kong ya sauka a tsibirin Mauritius. Kason ya ɗaure manyan masaƙun Asiya na tsawon shekaru, ya buɗe wa ƙananan ƙasashe taga. Najeriya ma tana da tagarta, har ta fi ta Bangladesh faɗi ta wata fuskar. Yarjejeniyar Lome ta 1975 ta ba yadin ƙasashen Afirka damar shiga Turai ba haraji, idan an cika sharaɗin asali, kuma wanda ke da audugarsa da zarensa da masaƙarsa kamar mu bai da wahalar cika shi. A gida kuma gwamnatin soja ta hana shigo da yadin waje a tsakiyar shekarun 1970, haramcin da ya kai kusan shekara 20. Kasuwa mafi girma a Afirka ta Yamma ta zama ta masaƙunmu su kaɗai.

Abin da aka yi da waɗannan shekaru shi ne abin takaici. Ba a ɗora wa masaƙun sharaɗin komai ba a madadin kariyar da suka samu, ko na sabunta injuna, ko na fitar da wani kaso waje, ko na zuba jari a gonar auduga. Kuɗin mai ya sa naira ta yi tsada, noman auduga ya ja baya, masaƙun da aka gina a tsakiyar ƙasar auduga suka koma jiran takardar izinin shigo da ita daga waje. A 1986 aka rushe hukumar auduga ba tare da an tanadi wanda zai kula da ingancin iri da tantance daraja ba, iri ya cakuɗe, buhunan leda suka gurɓata audugar da ake kai wa injin gurza. Duk da haka masaƙun sun nuna cewa suna da rai. Bayan faɗuwar darajar naira daga 1986, atamfar Kaduna da Kano ta yi arha ta mamaye kasuwannin Maraɗi da Damagaram da Kamaru da Binin, har masaƙun ƙasashen sefa suna kuka da ita, kafin a karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994. Wato a lokacin da ake tsara sabuwar dokar yadi ta duniya, Najeriya mai sayar da yadi ce, ko da yake yawancinsa ta bayan fage yake fita, ba ya shiga littafin kwastan, ba ya kuma shiga lissafin masu tsara manufa.

Zagayen tattaunawar da aka buɗe a Uruguay a 1986 aka rufe a Marakesh a 1994 shi ya yanke ranar mutuwar kason. Aka ba shi shekara 10, daga 1 ga Janairu 1995, ranar da Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya, WTO, ta fara aiki da Najeriya cikin mambobinta na farko. Tsarin kuwa sai an duba shi da kyau. Ƙasashe masu kaso, Amurka da Tarayyar Turai da Kanada da Norway, za su saki kashi 16 cikin ɗari na kayan a 1995, kashi 17 a 1998, kashi 18 a 2002, ragowar kashi 49 kuma sai ranar ƙarshe. Su ne ke zaɓen abin da za su saka, kuma jerin ya ƙunshi kayan da tun asali ba su taɓa shiga kaso ba, sai suka fara da waɗannan, suka bar riga da wando zuwa ƙarshe. Norway ce kaɗai ta kammala da wuri. Ga kason da ya rage kuma aka ce za a yi ƙari kan ƙari: a ɗaga yawan ƙarin da kashi 16, sannan 25, sannan 27. A kunne abin da girma, amma ƙarin ake ƙara wa, ba kason ba. Mai kashi 6 zai koma 6.96, sannan 8.7, sannan kimanin 11. Wanda aka riga aka danne a kashi 1 zai koma 1.16, sannan 1.45, sannan 1.84. Wanda aka cuta a 1986 ya ci gaba da ɗaukar cutarsa har 2004.

A kan haka aka yi ta kai ruwa rana. Costa Rica ta kai Amurka ƙara kan tufafin ciki ta yi nasara, Indiya ta yi nasara kan rigunan ulu a 1997, Fakistan ta yi nasara kan zaren auduga a 2001. A taron Doha na Nuwamba 2001 masu sayarwa suka nemi a lissafa kasonsu kamar an fara ƙarin mataki na uku tun 1 ga Janairu 2000, a kuma yi wa ƙananan masu sayarwa lissafi mafi sauƙi. Abin da suka samu shi ne a miƙa batun ga wata majalisa ta duba ta kawo shawara kafin ƙarshen Yulin 2002. Wa'adin ya zo ya wuce ba a daidaita ba, domin Amurka da Turai da Kanada sun tsaya kan cewa abin da aka sa wa hannu a Marakesh ba za a taɓa shi ba. Shekara biyu ce kacal ake jayayya a kanta, kuma masu arziki ba su yarda sun bayar da ita ba. A gefe guda a ajiye abin da Najeriya ta yi. A 1997, shekara guda bayan Lafiya ta zama babban birnin sabuwar Jihar Nasarawa, gwamnatin Abacha ta ɗage haramcin shigo da yadi baki ɗaya, aka bar haraji kawai, ba mataki-mataki, ba wa'adin shiri. Amurka mai injuna na zamani da wutar da ba ta ɗaukewa ta ga tana buƙatar shekara 10 bayan 34 da ta riga ta ci. Masaƙun Kakuri masu injunan shekarun 1960 aka ce su fito fili a kasafin kuɗi ɗaya.

Akwai mai cewa wannan duk kewaye ne, masaƙunmu ba Geneva ta kashe su ba. Zai kawo hujja mai ƙarfi: Kaduna Textiles ta rufe a 2002, shekara uku kafin kason ya ƙare. Zai ce kuma ai gwamnatin Obasanjo ta mayar da haramcin a 2002, ta faɗaɗa shi daga baya, amma Arewa Textiles ta tsaya, United Nigerian Textiles ta rufe masaƙarta ta Kaduna a 2007. Zai lissafa rashin wuta, da tsadar baƙin man da tukunyar tururi ke sha, da ruwan bashin banki, da manyan motocin da ke tasowa daga Kwatano su yada zango a Maraɗi ko Birnin Ƙonni, a yi fiton dilolin ta Jibiya da Illela da dare. Ban musa ko ɗaya ba, kuma da za a auna nauyin dalilai, na gida sun rinjayi na waje. Amma wannan hujja tana ƙarfafa batun ne. Wuta da baƙin mai da auduga su ne ainihin abubuwan da ake neman wa'adi don a gyara, kuma wa'adin da ba a haɗa shi da aikin gyara ba asara ce ko da ya kai shekara 20. Ban da haka, dilolin da ake fito da su ba daga sama suka faɗo ba. Sin ta shiga WTO a Disambar 2001, masaƙunta suka yi ta faɗaɗa suna jiran 2005, alhali manyan kasuwanni na ɗaure da kaso. Ruwan da aka datse ta gaba dole ya nemi gangare, kuma Afirka ta Yamma, mai son atamfa da shadda, mai iyakoki a buɗe, ita ce gangaren.

Abin da ya faru a 2005 ya nuna wa ke sanin darajar lokaci. Tun a Maris 2004 ƙungiyoyin masu masaƙu na Amurka da Turkiyya suka fitar da sanarwar Istanbul suna neman a tsawaita kason zuwa ƙarshen 2007, wasu ƙasashe matalauta da suka ci moriyar tsarin suka goya musu baya, Mauritius ma ta nemi taron gaggawa. Ba a tsawaita ba. Amma cikin sharuɗɗan shigar Sin WTO akwai sakin layi da ya ba kowace ƙasa mamba ikon tsayar da ƙaruwar yadin Sin a kashi 7.5 cikin ɗari a shekara har ƙarshen 2008, idan ya dagula mata kasuwa. Wata shida ba su cika ba Turai ta yi amfani da wannan sanda. A Yunin 2005 Peter Mandelson na Turai da Bo Xilai na Sin suka daidaita a Shanghai kan rukuni 10, ƙari tsakanin kashi 8 da 12.5 har ƙarshen 2007, kuma kafin watan Agusta ya ƙare miliyoyin tufafi sun maƙale a tashoshin ruwan Turai saboda kason ya cika. A Nuwamba Amurka ta ƙulla tata kan rukuni 34 har ƙarshen 2008. Afirka ta Kudu ma ta sa kaso kan tufafin Sin a 2007 da 2008. Najeriya tana riƙe da haramci na baki ɗaya a takarda, wanda ya fi kowane kaso tsanani, ya kuma fi kowane kaso rauni. Kason da aka daidaita da ƙasa mai sayarwa yana da lissafi a ɓangare biyu, ita ma tana ba da takardar fitarwa tana ƙirgawa. Haramcin da aka yi shi kaɗai ba ya ƙirga komai, yana ɗaga ladan mai fito ne kawai, gwamnati ta rasa haraji, masaƙa ta rasa kasuwa.

Hujja ta biyu da masu suka ke kawowa ta fi taɓa zuciya, domin ta matar nan ce mai murza yadi a kasuwar Lafiya. Mijinta manomin doya ne ko riɗi, 'ya'ya shida na jiran kayan Sallah, kuma atamfa mai arha ce ta sa kowannensu zai fita da sabon ɗinki. Kare masaƙa haraji ne a kanta, kuma ba daidai ba ne mai albashi ya yi mata wa'azin kishin ƙasa da aljihunta. Telolin garin ma da ke kwana kan keke a watan azumi, arhar yadi ce ta yawaita musu aiki. Wannan gaskiya ce da duk mai son masaƙu ya kamata ya haɗiye. Amsata ita ce, daidai saboda ita ce ke biya, bai halatta a karɓi kuɗinta ba tare da wa'adi da sharaɗi ba. Kaso mai ƙaruwa a hankali, wanda kowa ya san ranar ƙarewarsa, yana barin yadi mai arha ya shigo gwargwado, yana kuma gaya wa mai masaƙa cewa inuwar za ta gushe. A wurinmu kuwa ta biya tsadar shekara 20 ba ta samu masaƙa mai ƙarfi ba, sannan ɗan'uwanta da ke Kakuri ya dawo gida ba aiki, wasu ma har suka mutu suna jiran haƙƙinsu na sallama, manomin auduga a Funtuwa da Malumfashi da Gusau ya rasa babban mai sayensa.

Ko bayan nan an sake samun wata taga. Dokar AGOA da Shugaba Clinton ya sa wa hannu a Mayun 2000 ta ba tufafin Afirka damar shiga Amurka ba haraji, ita ma da nata kason mai ƙaruwa: daga kashi 1.5 cikin ɗari na duk tufafin da Amurka ke shigowa da su, zuwa 3.5 cikin shekara takwas, daga baya aka ninka. Lesotho da Kenya da Madagaska suka yi maza, masu jarin Asiya suka kafa masana'antun ɗinki tun manyan masu sayarwa na ɗaure. Najeriya ba ta kammala sharuɗɗan takardun tufafi ba sai a 2004, watanni kaɗan kafin a kwance Sin da Indiya, ba a fafe gora ranar tafiya. Lesotho ta ji jiki a 2005, wasu masana'antu suka rufe dare ɗaya, amma sana'ar ta tsaya da ƙafarta. Bangladesh da aka yi ta hasashen za ta durƙushe ranar da kason ya ƙare, ta zama ɗaya daga cikin manyan masu sayar wa duniya tufafi, domin shekara 25 ɗin da ta samu ta zuba su ne cikin horar da hannuwa.

Damar kashi 7.5 ta ƙare a ranar ƙarshe ta 2008. Daga nan Najeriya ta ci gaba da juyi tsakanin rufewa da buɗewa. Aka ware naira biliyan 100 ta hannun Bankin Masana'antu don farfaɗo da auduga da masaƙu, United Nigerian Textiles ta sake buɗe wani sashe a Kaduna a ƙarshen 2010, a daidai lokacin da ake sassauta haramcin. A 2012 jami'an shige da fice suka kama wasu 'yan Sin da ke kasuwanci a Kantin Kwari, a 2015 marinan Kano suka yi zanga-zanga kan shaddar da ake kawowa a rine tun daga Sin. A Maris 2019 Babban Bankin Najeriya ya hana masu shigo da yadi canjin dala na hukuma, a Oktoban 2023 aka janye wannan hani a kan kaya 43, har da yadi. Tun Maris 2021 'yar Najeriya, Ngozi Okonjo-Iweala, ke jagorantar WTO a Geneva, a ginin da aka yi waccan jayayya. Babu ɗaya daga cikin matakan da aka ɗauka a gida da ya zo da jadawalin shekaru da mai masaƙa ko manomin auduga zai iya dogara da shi ya ci bashi, kuma ɗan kasuwar Lafiya da zai saro kayan Sallar baɗi ya riga ya san daga wace tashar ruwa dilarsa za ta taso.